Daga Sakan Zuwa Kwana: Yadda Manhajar Waya Za Ta Faɗi Tsawon Lokaci da Hausa, Nazari Daga Ƙasar Arewa ta Jihar Dosso

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani ɗan aiki da kowace manhajar waya ke yi sau da yawa a yini, wato mayar da tsawon lokaci daga lambar da na'ura ke riƙe da ita zuwa maganar da mutum zai karanta ko ya saurara. An ɗauki gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a matsayin fagen misali. Hujjar maƙalar ita ce, ba a samun Hausa ingantacciya ta hanyar fassara jimlar da manhaja ta riga ta ƙera da Faransanci ko Ingilishi. Sai an tashi daga lambar kanta, an gina jimlar bisa yadda Bahaushe ke ƙirga lokaci.

Gabatarwa



A ɗauka wani ɗan kasuwa a Dogon Dutsi zai tafi Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 270 a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Dosso. Ya sayi tikitin mota, saƙo ya shigo wayarsa ɗauke da "4h30". Me aka gaya masa? Motocin dogon zango a Nijar sun saba tashi da asuba, don haka yana iya zama ƙarfe huɗu da rabi ne za a tashi. Tafiyar kuma takan ci awa huɗu da wani abu, don haka yana iya zama tsawon tafiyar ake nufi. Faransanci na amfani da kalma ɗaya, "heure", a wuraren biyu, harafin "h" kuma ya gaji wannan harshen damo. Hausa ba ta da wannan matsala ko kaɗan. Ƙarfe huɗu daban, awa huɗu daban, ko yaro ba ya haɗa su. Amma manhajar da aka rubuta da Faransanci tukuna, sannan aka miƙa wa mai fassara jerin kalmomi a ware, ba tare da ya ga inda za su zauna ba, takan shigo wa Hausa da ruɗanin da ba nata ba.

Na zaɓi ƙasar Arewa ne da gangan. Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Dogon Dutsi, kuma ƙidayar 2012 ta nuna mutanen gundumomin biyu sun haura 600,000. Daga Matankari zuwa Kore Mairuwa Hausa ce harshen gida da kasuwa, Faransanci ne harshen makaranta da takardun hukuma, ga kuma jihar Kebbi ta Najeriya daf da su, inda dangi da abokan ciniki a Kangiwa da Argungu ke rubuta lamba da salon Ingilishi. Waya ɗaya a nan takan karɓi saƙo da tsari uku. Tun da kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, manhajojin Hausa za su ƙaru. Tun ran gini ran zane, gara a daidaita wannan abu yanzu.

Yadda na'ura ke riƙe lokaci

Kwamfuta ba ta san awa ko kwana ba. Abin da ta sani shi ne lamba guda, yawan sakan ko yawan kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mafi yawan na'urori suna ƙirga lokaci ne daga 1 ga Janairu 1970, tsawon lokaci kuma shi ne abin da ya rage idan aka ɗebe wata lamba daga wata. Sakan 5,400, alal misali, a raba shi da 3,600 a sami awa 1, saura 1,800, a raba da 60 a sami minti 30. Akwai kuma ƙa'idar duniya ta ISO 8601, wadda ta fara fitowa a 1988, da ke rubuta wannan tsawon a matsayin PT1H30M domin na'urori su fahimci juna.

Daga nan mai rubuta manhaja yakan jingina da kayan aikin da aka tanada. A Android akwai umarnin da ke fitar da lokaci da fasalin 1:30:00. A harshen JavaScript akwai Intl.RelativeTimeFormat mai faɗin abin da ya wuce ko mai zuwa, da kuma sabon Intl.DurationFormat mai salo huɗu, dogo da gajere da matsattse da na lamba zalla. Waɗannan na JavaScript suna ɗebo kalmominsu daga CLDR, rumbun bayanan harsuna da ƙungiyar Unicode ke kula da shi, wanda ke da Hausa, har da reshen Nijar mai alamar ha-NE. Abu biyu ya kamata a riƙe. Na farko, ba kowace waya ke ɗauke da bayanan Hausa ba, idan kuma babu sai manhaja ta koma wa harshen da aka saita na'urar a kai ba tare da ta sanar da kowa ba. Na biyu, Intl.DurationFormat ba ya yanke shawara a madadin mutum. Idan aka ba shi minti 90, minti 90 zai faɗa. Zaɓen ma'auni, da inda za a tsaya, da yadda za a dunƙule lamba, duk suna wuyan mai rubuta manhaja, kuma a nan ne harshe da al'ada ke shigowa.

Kwana ba sakan 86,400 ba ne

A wurin na'ura yini da dare guda sakan 86,400 ne, ba ƙari ba ragi. Nijar da Najeriya suna da sauƙi ta wannan fuska, domin agogonsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da na Girinwic, kuma ba sa sauya shi da bazara kamar yadda Faransa ke yi. Amma Hausa tana da kalmomi uku inda na'ura ke da ɗaya. Rana ita ce wadda ake sa wa suna, Litinin ko Talata. Yini shi ne daga safiya zuwa faɗuwar rana. Kwana kuwa dare ne da aka ƙetare. Da kwana Bahaushe ke auna tsawon lokaci, ma'ana yana ƙirga darare ne, ba awanni ba.

Baƙon da ya sauka a Tibiri ranar Litinin da magariba ya tashi Laraba da hantsi ya yi kwana biyu, kowa zai shaida. Na'ura za ta lissafa wajen awa 38, ta raba da 24, ta yar da ragowar, ta ce kwana 1. Majinyacin da aka kwantar ƙarfe goma na dare aka sallame shi ƙarfe bakwai na safe ya kwana a asibiti, danginsa za su ce ya yi kwana ɗaya, na'ura kuwa za ta ce awa 9. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ma'auninsu ne ya bambanta. Haka ake ƙirga suna: jaririn da aka haifa ran Alhamis, ko da asuba ko da la'asar, ana raɗa masa suna idan Alhamis ta zagayo, kwana bakwai ke nan. Haka ake ƙirga arba'in na mai jego, haka manomi ke ƙirga kwanakin geronsa daga ruwan shuka.

Abin da wannan ke nufi ga mai rubuta manhaja a bayyane yake. Duk inda za a rubuta kalmar "kwana" don abin da ya shafi rayuwar mutane, kamar jinya, ko bashi, ko shuka, ko tafiya, a ɗebe kwanan wata daga kwanan wata, kada a raba sakan da 86,400. Inda kuwa awanni ne ainihin yarjejeniyar, kamar datar waya da ke ƙarewa awa 24 cif bayan saye, to a rubuta "awa 24", kada a ce "kwana 1". Wanda ya sayi data da azahar aka ce masa ta kwana ɗaya ce yana iya zaton da wayewar gari ta ƙare, ko kuma ya zaci za ta kai shi daren gobe. Mafi aminci ma shi ne a haɗa masa da lokacin ƙarewa: "awa 24, za ta ƙare gobe ƙarfe 2 na rana".

Akwai wani tarkon da ya keɓanta da ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Bafaranshe idan ya ce "quinze jours" a maganar yau da kullum sati biyu yake nufi, "huit jours" kuma sati ɗaya. Mai fassarar da ya mayar da su kwana goma sha biyar da kwana takwas ya ƙara wa mutane kwana guda, alhali lambar da ke cikin manhajar 14 ce ko 7. Sannan "kwana biyu" a bakin Bahaushe sau da yawa ba biyu ba ne, an daɗe ba a haɗu ba ne. Shi ya sa nake ganin a rubuce a sa lamba, "kwana 2", don ido ya gane ƙirga ake yi. A murya kuma a ƙara "cif" ko a ambaci ranar.

Hausa ma tana da arzikin da manhajoji ba su cika morewa ba. Bayan gobe akwai jibi, akwai gata, akwai citta. Kafin jiya akwai shekaranjiya. Ga bara da bana da baɗi. Ma'aikaciyar lafiya ba za ta ce wa uwa ta dawo "cikin kwana 2" ba, za ta ce "ki dawo jibi", kuma babu wanda zai yi kuskuren ranar. Gata da citta sun fara yi wa wasu matasan birni nisa, don haka zan tsaya a jibi a rubuce, in bar sauran ga manhajar da aka gwada a karkara aka ga ana gane su.

Ginin jimla

A Faransanci da Ingilishi lamba ke gaba, ma'auni na biye, kuma ma'aunin na ɗaukar alamar jam'i. A Hausa ma'auni ke gaba: awa 2, minti 15, kwana 3. Kuma tilo ya wadatar. Ana jin "awanni biyu" da "mintuna goma" a rediyo, ba kuskure ba ne, amma a kasuwa da gida "awa biyu" da "minti goma" ake cewa, sun fi gajarta, kuma sun raba mu da gardamar mintuna ko mintoci, awanni ko awoyi. Ana haɗa ma'auni da ma'auni da "da", ba da waƙafi ba: awa 2 da minti 15.

Wanda ya ji haka zai ɗauka Hausa ba ta bukatar rarrabe ɗaya da mai yawa, wanda CLDR ya tanadar mata. Tana bukata, sai dai ba a jikin sunan bambancin ke fitowa ba, a jikin abin da ke biye da shi ne. Muna cewa minti ɗaya da ya wuce, awa ɗaya da ta wuce, awa biyu da suka wuce. Awa da shekara mata ne, minti da kwana da sati da wata maza ne. Mai rubuta manhajar da ya ƙera tsawon lokaci a gefe guda, ya ajiye "da suka wuce" a wani gefe, sannan ya manna su, zai fitar da "awa 1 da suka wuce". Magani shi ne kowane ma'auni a ba shi cikakkiyar jimlarsa iri biyu, ta ɗaya da ta mai yawa, a bar gurbin lamba kawai.

Game da zaɓen kalma, ra'ayina awa ta fi sa'a dacewa da fuskar waya. Sa'a na nufin dace kuma, sannan tana ɗauke da alamar hamza, wadda a fayilolin rubutun Android da kuma tsarin ICU na rubuta saƙonnin manhaja alama ce mai aiki na musamman, idan ba a kiyaye ba takan ɓata jimla. Daƙiƙa kuwa ta fi haɗari. A Larabci, inda muka aro ta, minti take nufi. A Hausar yau mafi yawa sakan ake nufi da ita, amma wanda ya yi karatun allo da na littattafai yana iya jin ta da ma'anarta ta asali. Bambancin ninki sittin ne. Minti da sakan ba su da wannan shubuha.

Rabi da kwata su ma a ba su haƙƙinsu. Minti 90 "awa ɗaya da rabi" ne, minti 30 "rabin awa" ne, kuma lokacin da ya rage da "saura" ake faɗinsa: saura minti 5. Abin da ya kamata a guje masa gaba ɗaya shi ne gutsuren lamba. Ɗan makarantar Dogon Dutsi zai rubuta 1,5 da waƙafi, ɗan uwansa na Argungu zai rubuta 1.5 da ɗigo, masu karatu da yawa kuma za su ɗauka awa ɗaya da minti biyar ne ko da minti hamsin. Fasalin 1:05 ma yana da wurinsa, a saƙon murya na WhatsApp kowa ya saba da shi domin yana ganin lambar na tafiya, amma a tsaye cikin jimla ba a sanin awa da minti ne ko minti da sakan.

Dunƙule lamba, da inda bai halatta ba

Sakan 93,784 shi ne kwana 1 da awa 2 da minti 3 da sakan 4. Ba mai magana haka. Ma'auni biyu mafi girma sun isa a mafi yawan wurare. Amma dunƙulewa na da nata kurakuran. Idan aka ɗauki sakan 7,190 aka fitar da awa 1, sannan aka cike ragowar zuwa minti mafi kusa, sai a sami "awa 1 da minti 60". Ana fara dunƙule lambar gaba ɗaya ne, sannan a rarraba ta. Kuma ɓangaren da za a karkata ya danganta da wanda zai cutu: lokacin da ya rage wa mutum a kan abin da ya biya a yanke shi ƙasa, lokacin da zai jira a cike shi sama. Sifili kuma ba a faɗinsa da lamba, "yanzun nan" ne ko "ya ƙare".

Wasu kayan aikin suna zuwa da nasu iyakokin a ɓoye. Moment.js, wanda aka daɗe ana amfani da shi a manhajojin intanet, yana mayar da minti 45 awa ɗaya, awa 22 kwana ɗaya, kwana 26 wata ɗaya. Ga wanda ke duba yaushe aka aiko masa hoto, babu laifi. A harkar lafiya kuwa akwai. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 kuma Nijar ke gudanarwa, an tsara shi ne ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Yaro mai wata 59, idan manhaja ta dunƙule shekarunsa, zai fito da "shekara 5", ma'aikacin da ke riƙe da wayar kuma ya tsallake shi alhali yana cikin masu haƙƙi. A nan "shekara 4 da wata 11" za a rubuta. Allurar jarirai ma da sati ake ƙirga ta, sati 6 da 10 da 14, bai kamata manhaja ta mayar da sati 6 "wata ɗaya" ba. Maganin da ake sha bayan kowace awa takwas kuwa, Hausa na da siffarsa a shirye, "awa takwas-takwas", kuma ta fi duk wata fassara shiga kunne.

Kalmar wata kanta a yi hattara da ita. Wata shi ne na sama, mai kwana 29 ko 30, kuma da shi dattawa da yawa ke ƙirga ciki da idda da bashi. Watan kalandar boko na kaiwa 31, watan kamfanonin waya kuma sau da yawa kwana 30 ne. A duk abin da ya shafi kuɗi, a faɗi yawan kwanakin da ranar biya.

Haruffa da murya

Ba kowa ke riƙe da babbar waya a ƙauyukan wannan yanki na Dallol Mawri ba. Ƙaramar waya da gajeren saƙo su ne suka fi isa ko'ina, kuma tun shirin yaƙi da jahilci ta wayar salula da aka gudanar a jihohin Dosso da Damagaram daga 2009, wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka yi nazari a kai, aka ga cewa manya na koyon karatu da lissafi a kan irin wannan waya. Gajeren saƙo na ɗaukar harafi 160 idan duka haruffan na cikin jerin asali na GSM. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin jerin. Ɗaya daga cikinsu ya shiga, saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal, idan ya haura haka kuɗin aikawa ya ninka. Ba ina kira a yar da haruffan ba ne, ƙa'idar rubutun da Nijar ta tsayar a 1999 ta tabbatar da su. Ina nuna cewa "awa 1 da minti 5" babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a ciki, "ɗaya" da "daƙiƙa" kuwa suna da shi. Zaɓin da ya fi sauƙin fahimta shi ne kuma ya fi araha.

Ga wanda ba ya karatu, manhaja za ta yi magana ne. A nan dole a ajiye jimlar ido daban, ta kunne daban. Mutanen Nijar sun san wannan bambanci a kuɗi: takarda ta ce 100, baki ya ce dala ashirin. Haka muryar manhaja za ta ce "awa ɗaya da rabi" ko da fuskar waya ta nuna "awa 1 da minti 30". A yi la'akari kuma da karin harshe, domin Ba'are, ɗan ƙasar Arewa, zai ce biyat da shidda inda Bakano ke cewa biyar da shida. A rubuce lamba ta raba gardama. A murya, wanda za a naɗa ya zama ɗan yankin. Kuma inda aikin ba na gaggawa ba ne, kamar ban ruwa a lambun dankali, a jingina lokacin da abin da manomi ke aunawa da shi: "a sake ban ruwa bayan la'asar" ya fi "bayan awa 7" amfani ga wanda hannunsa ke cikin laka.

Kira ga masana da masu rubuta manhaja

Bayanan Hausa da ke cikin CLDR mutane ne ke shigar da su, ana kuma buɗe ƙofar gyara lokaci-lokaci ta hanyar dandalin da Unicode ta tanada. Abin da aka sa a can shi ke bayyana a miliyoyin wayoyi. Ina roƙon masana harshe na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na cibiyar INDRAP, da malamai da ɗaliban fasahar sadarwa na Jami'ar Dosso, su haɗa kai da takwarorinsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano, su zauna su bi ma'aunan lokaci ɗaya bayan ɗaya, daga sakan zuwa shekara, su tsayar da jimlar kowanne ta ɗaya da ta mai yawa, su shigar da su reshen ha-NE. Masu rubuta manhaja kuma, kafin ku saki aikinku, ku kai wayar Matankari ko Dumega, ku karanta wa wata uwa saƙon, ku tambaye ta wace rana za ta dawo. Idan ranar da ta faɗa ba ita ce ke cikin na'urarku ba, ku koma ku gyara jimlar.